Jirgi Mai Fuska da Motar Kara

Daga cikin koke-koken da aka fi ji a bakin masu kishin al'adun Hausawa a wannan zamani akwai batun wasannin zane da na 'yan tsana waɗanda ake nuna wa yara a talabijin da wayoyin hannu. Ana cewa sun raba yaro da dandali, sun raba shi da tatsuniyar kakarsa, sun kuma cusa masa sunaye da surori waɗanda ba na gidansu ba, har ta kai ana samun yaron da bai iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi ba, amma ya san wani kan jirgin ƙasa shuɗi, mai idanu da hanci da baki, wanda ake kira Thomas. Wannan kuka yana da hujjojinsa, musamman ta fuskar harshe. Sai dai idan aka gangaro kan abin wasan da yaro yake ja a ƙasa, to, masu kukan sun bar jaki suna dukan taiki. Kafin a tambayi ko surar wa aka kwaikwaya, ya kamata a fara tambayar ko hannun wa ya yi aikin, domin a nan ne asarar da ake tafkawa take, kuma ba ƙarama ba ce.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda wani dalili na tarihi. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Reshen da aka ja zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta arewa ya bi, watau ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Shi kuwa layin Barno ya bi ta kudu, ya isa Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Sai wannan yanki ya zauna tsakanin dogo biyu, babu wanda ya taka shi. Ko sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, reshen da aka tsara masa a Dutse ya tsaya. Ke nan da yaron Zandam da ubansa da kakansa, babu wanda ya tashi yana jin kukan jirgi da asuba kamar ɗan Ringim. Abin da suka gani da ido shi ne mota: gingimarin da ke lodi ranar kasuwar Sara, da tifar yashi, da a-kori-kura. Saboda haka mota suka ƙera. Jirgin ƙasa kuwa, in yaron yau ya san kamanninsa, akasari ta gilashin waya ya san shi, ko a jikin jakar makaranta, kuma ba abin mamaki ba ne ya fara ganinsa da fuska kafin ya gan shi babu ita.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake yin motar kara ba zai ɗauka shiririta ce. Aikin yana da lokacinsa, watau kaka, bayan an girbe dawa kara ya bushe, kafin a kwashe shi a yi darni ko a cusa a murhu. Yaro zai zaɓi kara miƙaƙƙe mai kauri wanda tsutsa ba ta ci ba, ya sa reza ko haƙori ya ɓare ɓawon sili-sili, sai totuwa ta fito fara mai laushi. Daga nan ya sami kayan aiki iri biyu daga abu guda: totuwa ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusarsa, zai fiƙe bakinsa ya soka ya haɗa guntu da guntu har gangar jikin mota ta tashi. Inda ake bukatar ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Taya a dā da sakaina ake yin ta, a goga a dutse har ta zagaye, a huda tsakiya. Daga baya tsohon silifa da marfin kwalba da gwangwanin madara suka karɓe ta. Manyan yara kuma sukan wuce kara su koma langalanga da waya, su lanƙwasa bodi, su yi wa motar sifirin, su jawo doguwar sanda daga ƙafafun gaba zuwa daidai ƙugu su ɗaura mata sitiyari, yadda mai motar zai tuƙa ta yana tafe a tsaye, in ya murɗa hagu ƙafafun su juya hagu.

Duk wannan babu takarda, babu ma'auni, babu malami. Da ido ake awo. In taya ta fi ƙarfin bodi abokai su yi ta dariya; in ramin taya ya matse motar ta ƙi tafiya, in ya yi sako-sako tayar ta fice ta bar mai ita a hanya; in aka yi mata lodin ƙasa ya wuce kima sai ta karye a tsakiya, nan take mai ita ya gane inda ya kamata ya ƙara mata ƙarfi. Akwai ma tsarin aiki a ciki. Wanda ya fi gwaninta shi ne maigidan gareji, ƙanana su ne 'yan aike masu tsinto gwangwani a juji, wanda ya yi ladabi kuma a ɗauke shi karen mota. Ta haka sana'ar take gangarowa daga wa zuwa ƙane ba tare da wani babba ya sa baki ba, sai fa in uwa ta ga reza a hannun yaro, ko ta tarar an zare mata kara daga darni.

To, a nan ne maganar masu kukan baƙon abu take yin rauni. Ita motar da ake kwaikwaya da kara, a wane gari na ƙasar Hausa aka haife ta? Kafin zuwan Turawa dokin kara yaro yake hawa, ya gina shanu da raƙuma da yumɓu, yarinya kuma ta goya 'yar tsanarta. Mota baƙuwa ce. Ita kanta langalanga ƙarfen ɗaurin dilolin kaya ne wanda cinikin kamfanoni ya kawo. Amma yau da an ambaci motar kara sai dattawa su yi ajiyar zuciya su ce wasan gargajiya. Abin da ya mai da ita 'yar gida shi ne karan na gonar gida ne, hannun na ɗan gida ne, sunayen da aka laƙaba mata kuma a bakin Hausawa aka raɗa su. Kwaikwayon abin da ido ya gani kuwa tsoho ne a wannan yanki, ga zanen shanu nan a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, inda mutanen dā suka ga abin da ya cika musu ido suka sa hannu suka fitar da surarsa. In an karɓi motar kara, da wace hujja za a kori jirgi?

Shi kansa wannan Thomas da ake tsoro, asalinsa ya fi kusa da motar kara fiye da yadda ake zato. Wani limamin coci ne a Ingila mai suna Wilbert Awdry, wanda aka haifa a 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, ya riƙa shirya wa ɗansa Christopher labaran jiragen ƙasa masu magana lokacin da yaron yake kwance da ƙyanda, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kayan wasa sun yi wuya a wannan lokaci, sai uban ya samo guntun sandar tsintsiya da tarkacen katako ya sassaƙa masa ɗan jirgi wanda ake turawa da hannu. Littafin farko na labaran ya fito a 1945, wanda ke ɗauke da sunan Thomas kuma a 1946. Sai a 1984 aka mai da su wasan talabijin, kuma ba zane aka yi ba. Ƙananan jirage aka ƙera masu tafiya, aka ɗora su a kan dogo mai faɗin milimita 45. Ƙafafu da inji na kamfanin Märklin ne na Jamus, gangar jikin kuwa da hannu aka yi ta. Fuskokin cirewa ake yi a sauya, ta murna daban, ta fushi daban, idanun kuma ana juya su daga nesa da na'ura. Haka aka yi ta yi har 2009, lokacin da aka ajiye jiragen aka koma zanen kwamfuta baki ɗaya.

Ajiye su da aka yi bai kashe sana'ar ba. Akwai mutane a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe, daga samari har magidanta da waɗanda suka yi ritaya, da suke zama su sake ƙera waɗannan jirage tun daga tushe. Sukan tsayar da hoton wasan su auna tsawon bututun hayaƙi da faɗin tukunya, su yanka farantin roba ko na tagulla, su gina fuska su zuba ta a mazubi, su yi ta gwajin fenti har shuɗin ya zo daidai. Wasu suna tsayawa a kan ma'aunin da aka yi wasan da shi, watau kusan kashi 1 cikin 32 na jirgin gaske. Wasu kuwa sukan kai abin kan dogo mai faɗin inci 5 ko inci 7 da kwata, wanda kan jirginsa ya isa ya ja taragu da yara zaune a kai. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli. Abin lura shi ne yadda darajar aiki take a tsakaninsu. Wanda ya sayo jirginsa a kanti a shirye yana ƙasa, wanda ya sayo sassa cikin kwali ya harhaɗa yana tsakiya, wanda kuwa ya fara da farantin ƙarfe da zarto ya fitar da jirgi shi ake jinjina wa. Bisa wannan ma'auni nasu, yaron da ke zaune a gindin darni da reza da totuwa a Zandam yana sahun gaba ne. Ga shi kuwa a gida abin da yake samu shi ne tsawa, a ce ya tashi ya bar aikin banza.

Bugu da ƙari, jirgi yana da darasin da mota ba ta da shi. Mota duk inda aka ja ta za ta bi. Jirgi kuwa sai an shimfiɗa masa hanya, kuma da zarar yaro ya jera kara biyu ya ɗora ƙafafun silifa a kai zai ga sun zame. Tilas ya tsaya ya yi tunani har ya gano cewa ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, wanda shi ne yake riƙe ta a kan dogo. Zai gano cewa tazarar da ke tsakanin karan nan biyu dole ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa jiragen tsohon layin Nijeriya, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, ba su iya hawa layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Zai gano cewa in ya ɗaure taragu tamau ba za su sha kwana ba, in ya sassauta da yawa kuma su tsinke su bar kan jirgi yana tafiya shi kaɗai. Idan fuska mai murmushi ce ta jawo yaron da bai taɓa ganin tashar jirgi ba zuwa ga waɗannan tambayoyi, to, ta biya kuɗin shigarta.

Akwai wata suka wadda ta fi ta farko nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba, watau batun sura. Musulunci ya yi kashedi mai tsanani game da sassaƙa surar abu mai rai, kuma ko da yake jirgi ba shi da rai, fuskar da aka ɗora masa ta mutum ce. Yanke hukunci a nan aikin malaman addini ne, ba na ɗaliban harshe ba. Abin da dai aka sani shi ne Imamu Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai biyu, ba a kuwa hana ta ba. Da wannan ne malamai da dama suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Mahaifin da zuciyarsa ba ta kwanta ba kuwa, mafitarsa tana hannun mai ƙira, gama yaron da ya yi jirginsa da kansa yana iya barin gabansa babu fuska, jirgin kuma ya tafi yadda zai tafi. Wanda aka sayo masa na roba ne ba shi da zaɓi.

Abin da yake kashe motar kara yana kan tabarmar ɗan koli. Motocin roba ne masu arha da ake shigowa da su, akasari daga ƙasar Sin, a saya wa yaro da salla, kwana biyu ƙafa ta ɓalle, kuma ba ta gyaruwa, domin tun farko ba a yi ta don a gyara ba. Darasin da yaro ya koya guda ne: abu in ya lalace a yar, a jira a sayo wani. Uba kuwa yana ganin ya yi wa ɗansa gata tun da ya raba shi da tsince-tsince a juji. Yana da 'yar gaskiya, gama reza tana yanka, gwangwani mai tsatsa kuma yana da haɗari, amma maganin wannan sa ido ne da 'yar wuƙa mai ƙota.

Makaranta ma ba ta yi abin kirki ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, ta yi alkawarin koyar da fasaha tun daga ƙaramar sakandare. Aka yi odar injuna daga ƙasashen waje, da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Darasin aikin hannu na firamare kuwa a wurare da dama ya koma a kawo tsintsiya ko a kawo kuɗi a ba da maki. An tsallake karan da ke bayan aji an tafi tashar jirgin ruwa ana jiran fasaha ta sauka. Irin wannan tunani ne ya kai har manyan masana'antu: kamfanin Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975 harhaɗa sassan da aka ƙero a Faransa ya riƙa yi. Watau ƙasa ta tsaya a mataki na tsakiya, na mai kwali, alhali yaranta na ƙauye suna mataki na sama ba su sani ba.

Ba ana nufin duk mai motar kara injiniya zai zama ba, kuma masu wannan da'awa sukan ɓata hujjarsu da kansu. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, ya sa masa injin Honda Civic, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. Aka yi ta tafi, sa'an nan labari ya wuce. Illar irin wannan labari ita ce yakan sa a ɗauka sai abu ya tashi sama yake da daraja. Alhali kuwa makanike da maƙeri da kafinta da mai walda da magini, waɗanda garuruwa irin su Gwaram da Sara ba za su kwana ɗaya babu su ba, jarinsu na farko ido ne mai awo da hannu mai haƙuri, kuma ba a aji ake fara samun waɗannan ba.

Sassan Hausa na jami'o'i suna da nasu kason na sakaci. An tattara tatsuniyoyi da karin magana da kacici-kacici, an bi waƙoƙin gaɗa da wasannin tashe da langa, an cika kundaye da su, domin suna da kalmomin da za a rubuta a kira su adabi. An kuma yi wa ƙira da jima da saƙa da rini nasu hidimar a matsayin sana'o'in gargajiya. Ƙere-ƙeren yara kuwa sun faɗa tsakani, ba su shiga nan ba, ba su shiga can ba, akasari sai dai a ambace su a layi ɗaya a wuce. A Malawi irin wannan motar waya galimoto ake ce mata, har an buga littafin yara da wannan suna a Amurka a 1990, kalmar ta zaga duniya. Motar langalanga ba ta gaza ta da komai ba.

Ga mai nazarin harshe ma akwai abin ɗauka a nan mai yawa. Me yara suke kiran kowane sashe na motarsu? Waɗanne kalmomi ne suka gangaro daga gareji da tashar mota suka sauya kama a bakinsu, waɗanne ne kuma suka ƙirƙira da kansu? Shin sunan da ake faɗa a Birnin Kudu shi ne a Gwaram, inda Hausar Kano take haɗuwa da ta ƙasar Bauchi, ga Fulatanci kuma a gefe? Wanda zai yi wannan aiki lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Janairu, domin motar kara ba ta ganin damina biyu, in ruwa ya bar ta gara ba za ta bar ta ba. Sai ya tafi da abin ɗaukar hoto da abin awo, ya zauna da dattawan da suka lanƙwasa langalanga da ƙuruciyarsu tun suna da rai, ya kuma zauna da jikokinsu a gindin darni. In ya tarar da taragu uku na totuwa a jere, an zana wa na gaba idanu da baki da gawayi, kada ya kau da kai ya ce ba abin da ya zo nema ba ne. Ya auna tazarar dogon, ya duba yadda aka yi leɓen ƙafar, sa'an nan ya tambayi yaron sunan da ya sa wa jirgin, ya rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa.